Tagar Holger

Gashin Holger ya kwanta ta gefen da bai taɓa kwanciya ba. Abin da Bodil ta fara gani ke nan da ta shigo ɗakin, tun kafin ta ga hannayensa da aka haɗa a ƙirji da kyandir ɗin da aka kunna a kan tebur. Sama da shekara hamsin tana kallon mijin nan nata yana taje kansa zuwa dama, yau ga shi an zubo masa gashi ta hagu, ya rufe rabin goshi kamar ɗan firamare. Ta kai hannu za ta gyara, sai Vibeke, ma'aikaciyar jinya, ta tare hannun a hankali ta riƙe shi cikin nata.

"Bai sha wahala ba, Inna Bodil. Ina nan zaune, hannunsa a cikin nawa. Numfashi ɗaya ya ja, shi ke nan."

Bodil ta dubi taga. A buɗe take, iskar teku tana shigowa da ƙarnin kifi daga tashar jirage. Sai hankalinta ya ɗan kwanta. A garinmu kowa ya san wannan: wanda ke zaune da mai mutuwa, da zarar rai ya fita zai tashi ya buɗe taga don ran ya sami hanya. Da yawanmu ba ma taka coci sai an yi rasuwa ko Kirsimeti, amma ban taɓa ganin wanda ya bar taga a rufe ba. Tagogin bene na gidan tsofaffin nan duk da makulli, wai kada wani mai ruɗewa ya leƙa ya faɗo, mabuɗin kuma yana rataye a wuyan ma'aikaciya. Tunda taga a buɗe take, ai akwai wanda ya tsaya a kansa ke nan.

Kuma Vibeke ba baƙuwa ba ce. 'Yar maƙwabciyarsu ce, a kicin ɗin Bodil ta koyi tafiya, a nan take cin burodi da man shanu duk ranar da uwarta ta yi dare a masana'antar kifi. Saboda ita ma suka sayar da gidansu suka dawo nan, Bodil a ɗakunan ƙasa inda mu masu sauran ƙarfi muke, Holger a bene tun da huhunsa ya gaza. A kwanakin ƙarshe Bodil ba ta bar kujerar gefen gadonsa ba, har ƙafafunta suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Ranar Lahadi da tsakar rana Vibeke ta durƙusa gabanta.

"Ki sauka ki ci abinci ki ɗan miƙe bayanki. Idan kika faɗi, mutum biyu zan yi jinya."

"Na yi masa alkawari ba zai tafi shi kaɗai ba. Tsoron haka yake ji tun yana zuwa teku."

"Alkawarin ya dawo wuyana. Ko wuta ce ta kama gidan nan ba zan motsa ba."

Da wannan Bodil ta sauka. Ta ci dankali da romo, ta kwanta, barci ya sace ta, sai da la'asar sakaliya aka ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Washegari aka sauke tutar gidan zuwa rabin sanda. Bodil ta fito tsakar gida tana dogara sandarta, ba don komai ba sai don ɗaki ya yi mata ƙunci. Preben na nan inda yake kullum, cikin keken guragunsa kusa da shingen furanni, yana zuƙar tabar da aka hana sha a ciki. Jirgi ɗaya suka yi kamun kifi shi da Holger, sun yi ta faɗa tun suna samari, ciwon suga ya ɗauke masa ƙafa ɗaya amma bai taɓa masa harshe ba.

"Bodil, matso nan. Kukan ya isa haka, fuskarki ta zama dafaffen dankali."

"Kai ko ranar makoki bakinka ba ya hutawa."

"Da ya huta da na fi kowa murna." Ya murƙushe tabar a hannun keken, abin da ba ya yi sai ta ƙone masa yatsa. "Me suka ce miki?"

"Cewa ya tafi cikin sauƙi. Vibeke na riƙe da hannunsa."

Preben ya daɗe yana kallon bene. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Da wane hannun ta riƙe shi? Ni dai na ga ɗaya da wuƙa, ɗaya da faranti. Jiya ranar baƙi ce, kin manta? Masu son kawo iyayensu sun zo ganin gida. Annelise ta sauko da kowa da kowa falo, an sa fararen riguna, don a ga ma'aikata sun yi yawa. Vibeke ce ke yanka kek. Ta gilashin can nake kallonta."

Annelise ita ce shugabar gidan. Mace ce mai murmushi ko da yaushe, irin murmushin da ba ya hawa ido.

"Wataƙila ta ɗan sauko ne ta koma," in ji Bodil.

"Bodil, na ga tafin hannunsa a jikin gilashin tagarsa. Hannun Holger ne, da guntun yatsan nan da igiya ta cinye. Yana ta laluben mariƙin taga yana ja, ta ƙi. Sai na ga labule ya tsinke ya bi shi ƙasa."

Bodil ta nemi bakin benci ta zauna.

"Na yi kira har muryata ta dushe," in ji Preben. "Annelise ta fito. Na ce mata Holger ya faɗi. Ta ce, 'Yanzun nan, Preben.' Ta kama kekena ta tura ni bayan shinge don kada baƙi su ga tsoho da taba. Tayoyi suka nutse a laka, na kasa gaba na kasa baya. Daga can nake hangen tagar."

"Yaushe aka buɗe ta?"

"Sai da motar baƙi ta ƙarshe ta fita daga ƙofa."

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ranar an nuna wa baƙin nan komai. An nuna musu maɓallin kira da ke gefen kowane gado, da ƙarfen riƙewa a banɗaki, da makullan tagogi. Suka yi ta gyaɗa kai, suna cewa lallai nan tsoho ba zai ga ta kansa ba. Suna shan gahawa, Holger kuwa yana kwance a daɓen ɗakinsa a saman kansu.

Akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda inda ake ajiye mamaci kafin a zo da akwati. Can Bodil ta nufa, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tsaya a kan mijinta, ta sa yatsu biyu ta ɗaga gashin da aka zubo masa. Ga shi nan, kumburi baƙi ƙirin a gefen goshi, fatar ta tsage, an goge jinin an shafa hoda. Ta buɗe jakarta ta ɗauko matajinta, ta mayar masa da gashinsa dama kamar yadda ya saba. Tana cikin haka ta ji takun Vibeke a bayanta, takun ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna Bodil."

"Shigo ki rufe ƙofa. A ina kika same shi?"

Vibeke ta dubi goshin a buɗe. Ba ta yi musu ba, wannan kam a ba ta.

"Tsakanin gado da taga."

"Da sauran ɗumi a jikinsa?"

"Ya fara sanyi." Ta jingina da ƙofa. "Mu ma'aikata uku ne a gidan gaba ɗaya jiya. Annelise ta ce in sauko na ɗan lokaci kawai, a gaisa da baƙi. Yana barci lokacin da na fita, Inna, numfashinsa daidai. Na tashi komawa, wata mata ta tare ni da tambayoyi a kan uwarta, daga ita sai wani. Ban san Preben ya yi kira ba sai daga baya."

"Tsakanin ɗakina da falon nan taku kaɗan ne. Me ya hana ki ƙwanƙwasa mini ki ce, Inna, koma sama, an kira ni?"

Vibeke ta sunkuyar da kai.

"Amsa nake jira."

"Annelise ba ta so baƙi su ga ana kai da kawo a bene. Ni kuma na ga kin gaji."

"Ita ce ta ce ki ce mini kin riƙe hannunsa?"

"A'a. Ni ce. Na ga kamar zai fi miki sauƙi."

Wannan ce ta soki Bodil fiye da duka sauran. Da Annelise ce ta shirya ƙaryar, da ta san inda za ta ajiye ta, don ba ta taɓa sa ran komai daga wajenta ba. Amma yarinyar da ta goya, ita ce ta ɗaga Holger daga ƙasa, ta share jini, ta cire tsinkakken labule ta ɓoye, ta taje gashi, ta kunna kyandir. Sannan ta ciro mabuɗi daga wuyanta ta buɗe taga, don ta san sarai abin da tsohuwar za ta fara dubawa ke nan.

"Kin san abin da ya kai shi tagar?" in ji Bodil. "Ya farka ya ga ba kowa. Ya san lokaci ya yi. Ya tashi ya buɗe wa kansa, ya tarar kun kulle."

"Wataƙila ke yake nema. Daga can ana ganin ɗakinki."

"To, sai ki zaɓa mini wanda ya fi sauƙi a cikin biyun. Kin iya ai."

Vibeke ta fashe da kuka, ta miƙo hannu. Bodil ta mayar da mataji jaka, ta ratse ta gefenta ta fita.

Da yamma Annelise ta zo ɗakin Bodil da furanni. Ta ce abin takaici ne ƙwarai, za a zauna a duba, za a ɗauki darasi. Ta ce makullan taga doka ce, don lafiyar mazauna aka sa su. Bodil ta kira ɗanta da ke birnin Aarhus ta gaya masa komai, ya yi ta faɗa a waya, ya ce zai kai ƙara hukuma. Da ya huce sai ya ce, "Amma Mama, kada ki ɓata da su da yawa, kin san samun gurbi a wani gidan ba wasa ba ne." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta yi mata ciwo.

Ranar Talata aka zo da akwati. Al'adar gidan ce idan za a fitar da mamaci, mazauna da ma'aikata su jeru a baranda su rera masa waƙar rakiya har mota ta tashi. Muka jeru, masu sanda da masu keke. Annelise ce a gaba, muryarta ta fi ta kowa zaƙi, kaico. Vibeke na can baya, bakinta na motsi ba sauti. An ajiye wa Bodil kujera a tsakiyarsu, ta wuce ta kamar ba ta gani ba, ta fita tsakar gida ta tsaya gefen Preben. Shi bai yi waƙa ba, hula dai ya cire.

"Da yana nan da ya ce mun kashe masa kunne," in ji shi.

"Da ya ce kai ka fi kowa muguwar murya."

"Shi ya sa na yi shiru."

Suka tsaya har motar ta sha kwana ta bi hanyar tashar jirage.

Likita ya daɗe da rubuta wa Bodil wata matsattsiyar safa saboda kumburin ƙafa. Ba ta iya sa ta da kanta, sai ma'aikaciya ta zo kowace safiya. Ranar Laraba aka ƙwanƙwasa, kuma wa zai zo in ba Vibeke ba, gidan da ba shi da mutane? Ta shigo idonta a kumbure, ta ce ina kwana, ba a amsa ba. Bodil na zaune a kujera cikin babbar rigar sanyin Holger. Ta miƙa ƙafa, Vibeke ta durƙusa ta shiga jan safar a hankali, daga diddige zuwa gwiwa, da hannayen nan nata masu taushi da suka iya aiki.

Ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Tagogin ƙasa ba su da makulli, ta Bodil kuwa a wangale take, an tokare ta da tukunyar fure, iska na kaɗa labule. Da Vibeke ta gama ƙafa ta biyu sai ta miƙe ta nufi wajen.

"Za ki kamu da mura, Inna. Bari in rufe."

"Bar ta," in ji Bodil, ba ta ɗago kai ba. "Na buɗe abata tun yanzu. Na rage miki aiki."