Gadin Bakin Ƙofa

Kwana uku ke nan hannun Inna bai huta ba. Tana kwance a gado na ƙarshe a ɗakin mata na asibiti, idonta a kan ƙofar shigowa, hannunta na dama kuwa yana aiki a gefen cinyarta. Babban yatsa ya shafi ƙaramin yatsa sau biyu, tafin hannu ya kife, ya buɗe, sai a sake daga farko. Sau huɗu allurar ƙarin ruwa tana fita. Da aka mai da ta hannun hagu, sai hagun ya karɓi aikin. Barci kuwa ko gyangyaɗi ba ta yi ba.

Auta ce ke jinyarta. Inna kurma ce tun haihuwa, Auta kuma tana ji ras, amma da hannu ta fara magana kafin baki. Da safen nan Sista mai kula da ɗakin ta ja ta gefe, ta ce likita zai zagayo ƙarfe huɗu, in ya tarar allura ta sake fita to za a ɗaure hannuwan tsohuwa biyu a ƙarfen gado. Ba da mugunta ta faɗa ba, har da dafa kafaɗa. Auta ta ce ɗaure wa Inna hannu daidai yake da cusa mata tsumma a baki.

"To in magana take yi, me take cewa?" in ji Sista.

Auta ba ta san wannan alamar ba, abin kuma ya ci mata rai. Ta san maganar uwarta kamar yadda ta san hanyar gida. Inna shekara talatin tana guga a ɗakin wankin wani otal, hannuwanta masu ƙarfi ne, in tana hira da gira da kumatu da kafaɗa duk sai sun sa baki. Ta taɓa fasa kofi garin ba da labarin maƙwabciya. Wannan kuwa ƙaramin abu ne, ɓoyayye, fuska ba ta cikinsa ko kaɗan.

Ta ɗauki bidiyon hannun a waya ta fita. A bayan wata maɗaba'a akwai benci inda samarin kurame ke taruwa da rana. Suka kalla, suka ce wannan ba magana ba ce, tsufa ne. Ɗaya ya ce ta je wurin Mai Agogo, shi ya girmi yaren ma kansa, sauran suka kwashe da dariya.

Shagon Mai Agogo ɗan rami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene. Agogo ya fi arba'in a bango, kowanne da nasa lokacin, mai shagon kuma bai taɓa jin ƙarar ko ɗaya ba. In zai gwada agogo sai ya ɗora shi a haƙoransa na gaba ya lumshe ido. A haka Auta ta same shi. Ya ajiye, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da hannu ashe 'yar mai guga ta tuna yana raye, ko miji ta zo nema, don shi har yanzu da sauransa. Ta ce Baba ya bari sai ya yi sabbin haƙora, ta miƙa masa wayar.

Ya kalla sau ɗaya. Ya kife wayar a kan tebur, ya juya ya leƙa ƙofar shagon kamar wani na tafe. Sannan ya ba ta labari, hannunsa ƙasa-ƙasa.

Ya ce maganar da suke yi yanzu, wadda ake yi a gaban ƙirji kowa na gani, daga baya ta zo, wasu malamai suka kawo ta da littafi mai zane. Makarantar da aka kai su shi da Inna suna yara ba ta yarda da hannu ba sam. Malaman can sun yi imani in kurma ya saba da hannu ba zai taɓa buɗe baki ba. Sai a zaunar da su suna kallon leɓen malam, suna dafa maƙogwaronsa, suna hura kyandir don a ga iska ta fito daidai. Wanda aka kama yana motsa yatsu, a ɗaure masa hannu ta baya. Su goma sha ɗaya ne, kowa ya zo da 'yan alamun gidansu, wannan da tasa ta ruwa, wancan da tasa ta uwa. Suka haɗa, suka ƙanƙantar da su yadda za su ɓuya a gefen riga. A ƙuryar ɗakin ajiye katifu suke hira, ɗaya kuma yana gadi. Mai gadi fuskarsa na kallon ƙofa, ba ya waiwaye, hannunsa na gefen cinya yana ta maimaita abu ɗaya don na baya su gani.

"Abin da take cewa ke nan," in ji shi. "Babu kowa, ku ci gaba."

Ya ce dokar gadi ɗaya ce. Ba ka sauka sai wani ya matsa kafaɗarka ya karɓa, ko kuma masu hira su gama su ja gefen rigarka. Wata rana Inna na gadi, mahaifinta ya zo ba zato, ya ce ya gaji da makarantar da ba ta koya wa 'yarsa ko kalma ɗaya ba, ya sungume ta daga bakin ƙofar ya tafi. Na ciki ba su sani ba, hira ta yi daɗi. Malam ya shigo ya tarar da yara goma, hannuwa a sama. Mako guda suka yi hannu a ɗaure, suna cin abinci da baki kamar kaji.

Auta ta tambaya wa ya kamata ya karɓe ta ranar. Tsohon ya ɗauki makullin shago, suka fito titi. Ya nuna ƙirjinsa. Wani yaro mai wushirya cikinsu ne ke ba da labarin jirgin ƙasa a ranar, shi kuma ya ce bari a kai ƙarshe tukuna. Cikin sha ɗayan nan, yau saura shi da Inna.

Huɗu saura kwata suka shiga ɗakin. Rana ta faɗo ta taga har kan zanen gado, wata majinyaciya tana ɓare lemo, rediyo na magana can ƙasa-ƙasa. Sista ta riga ta ajiye naɗin bandeji biyu a kan kabad ɗin Inna. Tsakanin kabad ɗin da bango akwai wani lungu da ba a ajiye komai, sai yanzu Auta ta lura hannun uwarta can yake fuskanta.

Mai Agogo bai gai da kowa ba. Ya zagaya ta bayan gadon, ya tsaya ya bai wa lungun baya, ya fuskanci ƙofa. Ya sa hannu ya matsa kafaɗar Inna. Sai ya sauke nasa gefen wando, babban yatsa ya shafi ƙarami sau biyu, tafi ya kife, ya buɗe.

Hannun Inna ya yi zagaye ɗaya, ya yi rabin na biyu, ya kwanta. Ta ɗauke ido daga ƙofa, karo na farko cikin kwana uku, ta dubi tsohon. Ta ɗaga hannu ta yi magana irin tata ta kullum, babba, da gira da komai.

"Ka makara, mai kan kwano."

Kafin Auta ta gama dariya Inna ta yi barci. Likita ya zo ya duba allura, ya ga tana nan, ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce. Sista ta mai da bandejin aljihu, ta ce oho dai, ko me tsohon ya yi Allah ya saka masa.

Auta ta zagayo gabansa ta ce Baba ya huta haka nan, Inna ta yi barci, ga kujera. Ya amsa da hagu, dama na ta aiki, idonsa bai bar ƙofa ba.

"Ba su gama ba. Ba wanda ya ja rigata."

Ta ce Baba ya daina wannan wasa, asibiti ne nan. Bai yi musu ba, sai ya tsai da hannun don ta gani. Kafin a ƙirga biyar yatsun Inna suka motsa cikin barci, babban yatsa ya tafi neman ƙarami, robar ƙarin ruwa ta fara rawa. Ya ci gaba, nata ya lafa.

Haka ya tsaya har rana ta bar zanen gado ta hau bango. Da ya gaji, ya dafa ƙarfen gadon. Ƙarfe shida saura kaɗan Sista ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare, namiji ba ya wuce shida a ɗakin mata ko da kakan likita ne. Ta shiga kai wa sauran gadaje magani.

Auta ta dubi hannun uwarta a kwance a kan zane, da tabon dutsen guga a bayansa. Ta dubi na tsohon. Ta gwada a gefen zanenta, ya girgiza kai ya ce ta cika girma, a makarantarsu da tuni an kama ta. Ta rage. Ya ce ta sauke fuska, mai gadi ba ya nuna komai. Ya ce kuma kome ta ji a jikinta kada ta waiwaya, su ba sa son a kalle su suna tsakiyar hira. Ta tambaya har yaushe. Ya ce mai wushirya dama ba ya iya gajarta labari.

Ta matsa kafaɗarsa. Ya sauke hannu, ya ja ƙafa ya fita, bai juyo ba.

Ta tsaya a wurinsa tana kallon ƙofa, yatsunta na tafiya. Mai lemo ta kashe rediyo, ɗakin ya yi tsit. A nan ne ta ji wani abu da tsohon bai gaya mata ba, don shi da Inna ba su taɓa sanin akwai shi ba. Maganar hannu tana da ƙara. Duk ɗan da kurame suka haifa ya san ta: shafar hannun riga, ɗan tas na yatsa a kan tafi, numfashin da ke kufcewa in dariya ta zo. Ita ce ke tashi a bayanta, daga lungun nan, ƙasa-ƙasa daidai tsayin ƙugunta, hannuwa da yawa, ƙanana, suna ta sauri.