Babu Shi a Kwamfuta

"Babu shi a kwamfuta," in ji ma'aikaciyar rajista. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yana kwance an yi masa wanka," na ce. "Takardar binnewa kawai muke so."

"Wanda ba ya ciki ba ya mutuwa a wurina. Na gaba!"

Alƙali maƙwabcinmu ne, da hantsi ya cika. Tun da gwamnati ta rufe kotunsa ya ƙi yankar katin shaida. Wai shi da hatiminsa ke raba gado ba zai bi layi wata yarinya ta ɗauke shi hoto ba. Ga shi mai gadin maƙabarta ya ce ba takarda, ba kabari. Ƙarfe huɗu ake rufe ofis.

Na fito ina huci, sai ga Fada, limamin coci, da doguwar rigarsa da sandarsa. Kullum benci ɗaya suke zama da Alƙali a ƙofar gida, suna musun wanda gwamnati ta fi cuta. Ofishin nan ma makarantar cocinsa ce aka ƙwace. Har yanzu shatin gicciye na bango.

"Ɗana, ka yi mata tsawa ko?"

"Kaɗan."

"Halin mamacin ke nan. Karɓo lamba."

Arba'in da bakwai. Muka zauna, ina cizon yatsa, shi yana gyangyaɗi a ajin da ya koyar shekara ashirin.

Huɗu saura kwata aka kira mu.

"Fada, rigar nan ba shaida ba ce a nan."

"Na daɗe da sani, 'yata."

Ya zaro katinsa, ya ce in zaro nawa. Sannan ya warware wani fom da ya sha ninki.

"Na rajistar tsofaffi ne, shaidu biyu masu kati. Shekara uku ina binsa ya sa hannu. Sai ya buga mini wannan, ya ce in ɓace masa da gani."

Ta kalli hatimin Alƙali. "Wannan ai ba ya aiki."

"Ya riga mai shi mutuwa. Buga naki a gefe."

Ta yi tsaki, ta buga. Minti biyu aka haifi Alƙali a kwamfuta, aka kashe shi.

Bayan la'asar muka binne shi. Fada ya tsaya bayan sahu, hula a hannu.

Da muka dawo ya zauna a gefensa na benci. Ɗaya gefen ya ɗaga sama. Bai matsa tsakiya ba, sai ya dafa bango.