Kunnuwan Goɗiyar Kaka

Wani tsoho na da jika, sana'arta zane. Wata shida ta yi tana haɗa littafin yara mai hotuna a kan yadda kakan nata ya tsere wa yaƙi yana ɗan shekara bakwai, shi da uwarsa da ƙanwarsa da wata goɗiya. Washegari za a kai wa masu buga littattafai, amma ta riga ta yi masa alkawari ba za ta kai ba sai ya gani ya ce to.

Ta baza shafi goma sha shida a kan teburin falo, ta danne gefensu da kofuna. Tsoho ya gyara tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ango, ka yi shiru," in ji ta. "Kyau ne ya ɗaure maka baki?"

"Amarya, wannan dabbar ta wace ce?"

"Goɗiyarku mana!"

"Tamu ba ta taɓa cizon kowa ba. Dubi kunnuwan nan, kin kwantar da su baya a kowane shafi. Dokin da ya yi haka, ko cizo ko harbi. Ba za a ɓata mata suna a gaban yara ba."

"Gudu nake nunawa, iska ce ta kwantar da su."

"Wa ya ce miki mun yi gudu? Da yara biyu da buhu da tukunya? Tafiya muka yi, uwata na ƙasa riƙe da linzami, idonta a kan kunnuwan nan."

Sai ya ba ta labari. Da hantsi suka iso inda hanya ta rabu biyu. Jama'a duk suka bi dama, don ta fi kusa da gada. Goɗiya ta ja ta tsaya, ta miƙe kunnuwa tsaye cak wajen dama. Ba wanda ya ji komai, ita ta ji. Uwarsa ta juya ta hagu, ana ta yi mata ihu. Daga baya aka ji cewa masu bindiga na kwance a bakin gadar.

Jika ta dafe kai. "Kaka, ai wannan shi ne littafin! Don me ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni launinta, kin tambaye ni jelarta. Kin tambayi kunne?"

Ta dubi agogo, ta ɗauko fenti da buroshi. "To zauna nan. Kai ne goɗiya yau."

Tsoho ya ɓata fuska, amma ya zauna. Ya ɗora tafukansa a bisa kai kamar kunnuwan goɗiya, tana kiran shafi yana juya su: wannan gaba, wancan gefe, nan duka biyu tsaye. Matar ɗansa ta leƙo daga kicin, ta koma da sauri tana toshe baki.

Da la'asar suka kai shafin ƙarshe, inda aka ƙetare kogi aka sauke kaya.

"Nan fa?" in ji jika.

Tsoho ya saki tafukan suka faɗa gefe da gefe, laƙwas. Ta zana. Ya daɗe yana kallon hoton, ya sa ɗan yatsa ya shafi wuyan goɗiyar.

"Ita ce," ya ce. "Kai musu. Ki kuma shafa mini man zafi, kin karya mini kafaɗa."