Wasa Biyu a Salular Kaka

Salular ta Kaka Jaratu ce, kowa a gidan ya san haka. Ɗanta Ɗahiru ne ya aiko mata da ita daga Abijan don ta riƙa jin muryarsa. Amma ita ba ta taɓa ta sai ranar da saƙo ya zo. Sauran kwanaki salular tana yawo ne tsakanin jikokinta biyu da ke zaune wurinta a Garhanga suna zuwa lakwal, wato makarantar boko: Mahdi, ɗan Ɗahirun, da Salima, ɗiyar ƙanwarsa. Taubasai ne, don haka ba a raba su da tsokana.

Kowannensu yana da wasansa a ciki. Na Mahdi, daga sama ake kallon duniya kamar shaho: ga gari, ga gonaki, ga rumbuna, ga mutane ƙanana kamar tururuwa, kai ne mai cewa wannan ya yi noma, wancan ya ɗauki mashi, kafin dodanni su sauko daga tudu. Na Salima kuwa mutum ɗaya ce tal, wata yarinya mai takobi da fitila, wadda ta raɗa wa suna Zinariya. Wata bakwai ke nan suna tafiya tare, gari zuwa gari, suna neman dodon da ya kulle ruwan sama a cikin dutse. Sun kai har gindin dutsen, sai wata ƙofar ƙarfe ta tsayar da su. Sati biyar Salima tana zagaye ƙofar nan, ba makulli.

Ana cikin haka aka yi kwana goma sha tara ba saƙon Ɗahiru. Kaka ta fara rage cin tuwo. Ranar kasuwa Mahdi ya kai salular wurin Alƙasim mai gyara, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ba rezo ba ne, layi lafiya lau yake," ya ce. "Cikinta ne ya cika. Saƙonnin suna nan a hanya, ba su da wurin sauka. Sai an goge wasa guda."

Salima ta san abin da gogewa take nufi: Zinariya, da takobinta, da wata bakwai ɗin nan, duk su tafi, ba ta ko ga abin da ke bayan ƙofar ba.

"A goge na baiwata," in ji Mahdi. "Mutum guda ce. Ni gari gare ni."

"Garin tururuwa. Ko sunan guda ba ka sani ba."

Kaka tana tsince wake a faifai ƙarƙashin rumfa, ba ta ɗago ba. "Abin nawa ne ko naku?"

"Naki ne, Kaka."

"To ni zan raba. Ku kawo in gani da idona. Wanda na ce shi zauna, shi zauna."

Bayan azahar suka sa ta a tsakiya bisa tabarma. Mahdi ne ya fara. Ya buɗe mata sabon gari, ya riƙe salular, ita tana ba da umarni. Salima ta leƙo ta kafaɗarta. Saboda raininta ga wasan, ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi sosai ba, sai ga shi tana mamakin yadda Kaka ta gane shi nan da nan. Ta sa aka yi gonaki kusa da ruwa, ta sa aka nisanta rumbuna da juna saboda gobara, ta hana a taɓa kashi ɗaya na hatsin don iri.

"Yanzu ganuwa," Mahdi ya ce. "Sai mu tura mutum goma su sare dajin can."

"Su sare mi?"

"Icce, Kaka. Da shi ake ganuwa."

"Wa ya dasa shi?"

"Ba wanda ya dasa shi. Wasa ne."

Kaka ta ajiye faifan. Ta nuna tudun da ke bayan gari da haɓa, inda bagaruwa ta yi layi-layi kore shar. "Fakon can, sanda na zo gidan ga, ko akuya ba ta samun inuwa bisanshi. Mu munka ɗauki duwatsu ga kai, munka gina ramu, munka dasa su guda guda, ubanka na goye ga bayana. Shekara nawa kafin su kai tsawon mutum? Kai kuma ka ce mutum goma, yanzu yanzu."

"Waɗannan na cikin salula ne. Dodanni na zuwa fa."

"Su zo. Ba a sare ba."

Suka zo kuwa. Jajayen idanu, gatura a hannu, suka sauko daga tudu suka tarar da gari ba ganuwa. Mahdi ya rufe fuska da hannu ɗaya. Rumbunan suka kama wuta ɗaya bayan ɗaya, ƙananan mutanen suka watse cikin dajin da aka hana sarewa. Kaka ta daɗe tana kallon hayaƙin.

Salima ta karɓi salular, zuciyarta ta ɗan kwanta. Ta buɗe nata, ta nuna Zinariya tsaye a kasuwar garin da ke gindin dutse, gyalenta yana kaɗawa. Don ta burge Kaka, ta shiga da ita wani gida da gudu, ta fasa tuluna uku, ta kwashe maganin da ke ciki, kamar yadda ta saba.

"Tsaya," Kaka ta ce. "Gidan wa ke nan?"

"Ban sani ba. Wani ne kawai."

"Kin yi sallama?"

"Ba a yi, Kaka. Haka ake samun kaya."

"Matar gidan na tsaye tana kallonki, kinka fasa mata tulu."

Mahdi ya kwanta bisa tabarma yana dariya. "Wata bakwai ashe ɓarauniya muke ciyarwa."

Kunya ta rufe Salima. Gidaje nawa ta shiga haka? Ba ta taɓa tambayar kanta ba, tunda wasan bai taɓa hana ta ba. Yanzu da ta dubi matar nan tsaye kusa da fasassun tuluna, sai ta ga kamar da gaske kallonta take.

"Fito da ita," Kaka ta ce. "Yanzu duk wanda kunka gamu da shi, ta gaishe shi."

Haka aka yi. Salima tana dannawa, tana karanta Faransancin, tana mayar wa Kaka da Hausa. Suka gaida mai kifi, suka gaida maƙeri, suka gaida wata mai tallan furanni. Sai suka iso bakin rijiya, inda wani tsoho yake zaune kusa da jakinsa. Salima ta zo wucewa.

"Wanga fa?"

"Na taɓa yi masa magana. Ba ya cewa komai, sai dai rana ta yi zafi."

"To ai farkon gaisuwa ke nan. Ke kinka tahi kinka bar shi da magana ga baki. Tambaye shi gida."

"Ba wurin tambayar gida. Dannawa kawai ake yi."

"Danna."

Ta danna. Tsohon ya ce rana ta yi zafi. Ta sake dannawa don Kaka ta gani da idonta, sai ga wata magana daban: gwiwarsa tana damunsa tun bara.

"Allah shi sawwaƙe," Kaka ta ce wa salular. "Iyali fa?"

Dannawa ta uku, ya ce ɗiyarsa ta yi aure nesa, ba ta zuwa. Kaka ta girgiza kai, ta ce haka yaran yanzu suke. A ta huɗu tsohon ya miƙe tsaye, abin da Salima ba ta san yana iya yi ba. Ta karanta a hankali: shekara da shekaru matafiya suna wuce shi da gudu, ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshen maganarsa. Shi ne tsohon mai gadin dutse. Ya zaro makulli daga cikin mangalar jakin ya miƙa wa Zinariya.

Mahdi ya tashi zaune. Sati biyar Salima ta yi tana fasa tulunan garin nan kaf, makullin kuwa yana bakin rijiya.

"To," Kaka ta ce, ta jawo faifanta. "Na gani. Naki, mutum guda kake bi har ka san halinshi, kamar tatsuniya. Na maigidana kuwa kamar riƙon gida ne, ba ka da lokacin sanin kowa, kowa kuma na wuyanka." Ta tsince wake biyu. "Na Mahdi shi zauna."

Salima ta ji hawaye sun taho. "Amma a nawa kika ci, Kaka. A nasa an ƙone ki."

"Don haka. Ɗiyar taki ta samu makullinta, ta san hanya. Waɗancan ni na bar su cikin daji ba rumbu. Ba ni tashi in bar su haka." Ta dubi Salima da gefen ido. "Kuma tatsuniya ba a yanke ta tsaka. Kwana nawa ya rage miki ki kai ƙarshe?"

"Wataƙila uku. Amma saƙon Kawu..."

"Na jira sha tara. Tunda na san ba rashin lafiya ne ya hana ba, uku ba su kashe ni. Kai kuma kada ka taɓa ta sai ta gama."

Kwana ukun nan Salima ba ta fasa tulun kowa ba. Tafiyar ta yi wuya, don magani ya yi ta ƙare mata, amma ta gaida duk wanda ta tarar a bayan ƙofar, wasu har sau biyar, ta ga abubuwan da ba ta san wasan yana ɓoye da su ba. Da hantsin rana ta uku dodon ya faɗi, dutsen ya tsage, ruwa ya sauka bisa garuruwan da suka ratsa tare. Zinariya ta ajiye fitilarta a bakin rijiya, kusa da tsohon. Salima ta kalle ta har rubutun ƙarshe ya wuce, sannan ta danna gogewa da kanta.

Ba a jima ba salular ta fara ƙara, saƙo bayan saƙo, har goma sha ɗaya. Kaka ta saurare su duka a jere, ta sa aka maimaita mata na huɗu, ta ci tuwon rana har da ƙari.

Da la'asar ta kira Mahdi ya buɗe mata garin nan da aka ƙone.

"Ganuwar nan, dole sai da icce? Duwatsun can fa da ke zube?"

"Ana yi da dutse, amma yana da jinkiri sosai. Ba mai farawa da shi."

"Mu da shi munka fara. Tura su."

Salima ta matso ta zauna a gefenta. Ƙananan mutanen suka yi layi zuwa tudu, kowa ya dawo da dutse a ka. Ta lura da wata guda mai jan zane da kullum take zuwa ƙarshe.

"Wannan na sa mata suna Fatsima," ta ce. "Mahdi, in an danna ta sau huɗu, tana magana?"

"Ba ta magana, baiwa. Aiki take."

"Ka taɓa gwadawa?"

Ya miƙo mata salular.