Kujerar Bayan Motar Kawu Sarpong

Tun ranar da Kawu Sarpong ya rasu makullin motarsa ke aljihun Bediako, amma ajiya ce aka ba shi, kuma kowa ya san ajiya ce. Sai ranar arba'in dangi za su zauna a gidan gado, can ƙauye bayan Ofinso, su faɗi wanda zai gaji mamacin. A al'adarsu ɗan 'yar'uwa ke gado, kuma 'ya'yan 'yan'uwa matan da suka isa su biyu ne kacal: Bediako mai aski a Bantama, da Adusei mai koyarwa a Takoradi.

Shi Bediako gonar koko ba ta gabansa, ɗakunan haya biyu da kawun ya bari ma Adusei ya kwashe in yana so. Motar yake so. 'Yar ƙarama ce, fara a da, yanzu ta koma kalar koko da madara. Tun bai kai tsayin madubinta ba yake wanke ta, a cikinta kawun ya koya masa tuƙi. Kuma ya daɗe yana jin haushin yadda ake wulaƙanta ta. Kawu Sarpong, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa taka totur kamar mai jini a jika ba. Kullum motar cike take dam: matarsa Maame Pokua a baya ta hagu, 'yan matansu biyu a gefenta, doya da ayaba a but, gaba kuma duk tsohon da aka tsinta a hanya. Ina inji zai yi numfashi a haka?

Duk Lahadi da yamma samari na fita da ƙananan motocinsu hanyar tafkin Bosomtwe, inda kwanoni suka yi yawa, su gwada wa ya fi hannu. Shekara da shekaru Bediako ɗan kallo ne a bakin titi. Yanzu ga mota a hannunsa, ga 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ya san sarai ba a taɓa kayan mamaci kafin arba'in, ko ɗan yaye ya san wannan. Sai ya gaya wa kansa ai gyara ba taɓawa ba ne, ya nufi Magazin, unguwar masu gyaran mota, wajen abokinsa Tawia bakanike.

Tawia ya zagaya motar yana taunar gasasshiyar ayaba, ya ce, "Nawa ka zo da shi?"

Bediako ya faɗa masa.

"Kai! Wannan ai kuɗin aski ne, ba na mota ba. Abu ɗaya za su saya maka, ɗaya tak. Ni dai in ka bi ta tawa, salansa. Mu yanke wannan tsohuwar, mu ɗaura mai faɗin baki. Kana tasowa daga Kuntanase za a ji ka a bakin ruwa."

"Ƙara ke nan. Gudun fa?"

"Wa ya damu da gudu? 'Yan mata kunne gare su, ba agogo ba."

Bediako ya girgiza kai. Ya ga masu irin wannan salansar, motarsu na kuka kamar injin niƙa, mai keke na wuce su. Tawia ya kawo shawarar a yanke sifirin mota ta yi ƙasa, Bediako ya tuna ramukan hanyar unguwarsu ya ce a'a. Aka yi maganar taɓa kafireta, ya ce man da za ta riƙa sha wa zai saya? Ya tsuguna ya shafa tayar gaba. Ta suɗe tas, santsinta kamar kan da ya gama yi wa ƙwal-kwabo.

Ya ce, "Taya. Shekara nawa ina kallo, ba a miƙe ake cin mutum a hanyar tafki ba, a kwana ne. Taya mai kama ƙasa, sai fatar birki in kuɗi sun ragu."

Tawia ya yi tsaki, amma ya yarda gaskiya ce. Kuma gaskiyar ce. Ko yau ka tambayi duk wanda ya san mota zai ce maka yaron ya zaɓi daidai.

Matsalar ita ce kuɗin taya biyu suka kai. Suka yi ciniki har baki ya bushe, mai taya ya rantse da kabarin uwarsa ko sisi ba zai rage ba. Taya biyu sababbi, biyu suɗaɗɗu, a kwanonin tafki, wannan neman lahira ne. Suna cikin haka sai Tawia ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo yana murmushin da Bediako ya san ba na alheri ba ne.

"Ka san gyaran da ba a biya? Rage nauyi. Dubi wannan kujerar, ta kai nauyin buhun masara. Ga kafet, ga tayar ajiya. Duk motocin gasa ba su da kujerar baya. Kuma akwai wani a layin 'yan kujera da ke neman irin wannan ido rufe. Ka rage nauyi, ka cika kuɗin taya. Me ya fi wannan?"

"Kujerar Kawu ce fa."

"To Kawun zai dawo ya zauna ne? Nan da mako biyu motarka ce. Wa zai ba Adusei mota, mutumin da ko ribas bai iya ba?"

Bediako ya ƙyale aka fito da kujerar. A rana ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: gefen hagu ya lotsa, ya yi rami daidai zaman mutum ɗaya. Ƙarƙashinta ɓawon gyaɗa ne da ribom ɗin yara da wani tsohon mafici. Ya kau da kai, ya ce a yi sauri a ɗauke ta.

Ranar Lahadin nan kuwa, ai sai wanda ya gani! Motar ta zama wata daban. Yana karya sitiyari tana bi, ko gezau, ta kama kwalta kamar an liƙa ta. Ya wuce masu salansa biyu a kwanar da ke gangarawa bakin ruwa, ya ji ana ihun sunansa. Da ya tsaya hawaye suka cika masa ido. Ya so a ce Kawu Sarpong na nan ya ga abin da motarsa ke iyawa, ya manta sam da abin da ya cire kafin ta iya.

Ana jibi arba'in mahaifiyarsa ta zo shagon askin, cikin baƙin zanen makoki, ta zauna a benci ta jira ya sallami wanda ke kan kujera.

Ta ce, "Asabar da sassafe za ka je ka ɗauki matar kawunka da yaran. Sai ka biya ka ɗauki Opanin Gyamfi, ya ce a motar marigayi zai tafi."

Opanin Gyamfi shi ne dattijon dangi, bakinsa ne zai faɗi magajin. Almakashi ya kusa suɓucewa daga hannun Bediako.

"Mama, ba za su fi jin daɗin tasi ba? Ni zan biya."

"Tasi? Mijinta ya bar mota a sa ta a tasi? Kai, ka san abin da na sha kafin dattijon nan ya karkato wajenka? So yake ya ga ka ɗauko su da hannunka, ka shigo da su gida kowa na gani. Ka wanke motar, ka sa zanen kirki, kada ka ba ni kunya."

Tana fita ya rufe shago ya ruga Magazin. Mai kujerar ya ce ai tun washegari wani direba ya saye ta, ya yi arewa da ita, ko Tamale ko Bolga, bai tambaya ba. Bediako ya bi layin rumfa rumfa, ya bi 'yan gwangwan, ya shiga har inda ake farfasa motocin haɗari. Tsohon yayi ce motar, irin kujerarta ta yi wuya. Ya samu ɗaya da wuta ta cinye rabinta. Ya samu wata ta babbar mota, suka yi ta turawa shi da Tawia, ta ƙi shiga ko ta wane gefe. Da Juma'a ta yi yamma Tawia ya share zufa ya ce, "Ka shimfiɗa katifa mana, ka rufa zane. Tsofaffi ne, ba za su lura ba." Bediako ya ji kamar ya shaƙe shi, amma wa ya ce a ɗauke kujerar da sauri? Katifar ɗakinsa ma ya gwada, ta fi ƙarfin wurin. Tabarma ya samu ya shimfiɗa.

Asabar ya fara ɗauko Opanin Gyamfi, don dattijon ya zauna gaba kada ya waiwaya. Bai waiwaya ba kuwa, yana ta gyaran zanensa a kafaɗa yana faɗar tsadar kifi. A ƙofar gidan marigayi mata sun taru za su raka mai takaba bakin mota. Maame Pokua ta fito a hankali, ta rame, 'yan matan na biye da ita da ƙullin kaya. Ko kallon motar ba ta yi ba, hannunta ya san hanya. Ta zagaya hagu ta buɗe ƙofar baya.

Ta tsaya. Tabarmar ta zame gefe, ga ƙarfe tsirara, ga ramukan kusoshi, ga tsatsa. Wata mata ta ce, "Yesu!" Sai a lokacin Opanin Gyamfi ya juya, ya kalli bayan motar, ya kalli Bediako.

"Ina kujerar?"

"Baba, gyara na yi. Tayoyin sun mutu, da haɗari, sai na..."

"Ban tambaye ka taya ba."

"Na sayar, Baba."

Babbar yarinyar ta fashe da kuka, ta ce ita ba za ta shiga ba. Maƙwabta suka ja yaran, aka ce za a sa su a motar haya. Wata ta kama hannun Maame Pokua za ta tafi da ita, ta zare hannunta.

Ta ce, "A motar nan ya kawo ni gidan nan. A cikinta zan je."

Ta tattare baƙin zanenta, ta sunkuya ta shiga, ta zauna a ƙasa ta hagu, ta miƙe ƙafafu. Kanta da ƙyar ya kai gilashi.

Bediako bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, ko Kawu Sarpong sai ya yi masa hon. Duk da haka bayan Ofinso kwalta ta ƙare, kuma babu kujera babu kafet da za su shanye komai. Kowane rami sai ya ji ƙarfe ya buga, ya ji ta ja numfashi ta haɗiye. Ko sau ɗaya ba ta ce wayyo ba, da ta ce ma da ya fi masa sauƙi. Ya duba madubi bai ga kowa ba, sai gilashin baya da jar hanya. Tayoyin kuwa, tsinannu, sai kama ƙasa suke yi lafiya lau.

A gidan gado dangi sun cika tsakar gida, an jera kayan marigayi: zannuwansa, takalmansa, addarsa ta gona. Kowa ya ga yadda aka kamo Maame Pokua aka fito da ita, ƙafarta ta sage, bayan zanenta duk jan tsatsa. Mahaifiyar Bediako ta leƙa motar sau ɗaya, ta ɗora hannu biyu a ka, ta koma cikin mata ba ta ƙara kallonsa ba.

Aka zuba wa magabata abin sha a ƙasa, aka kira sunayensu. Opanin Gyamfi bai yi dogon jawabi ba. Ya ce wanda za a naɗa yau shi ne uban yaran nan daga yau, shi zai kai su makaranta, shi zai kai uwarsu asibiti in dare ya yi mata tsawo. Sannan ya juyo.

"Bediako, da kai na kwana a raina, ban ɓoye wa kowa ba. Taɓa kayan mamaci da ka yi, da tunkiya ɗaya za a wanke shi. Amma ka duba motar nan ka ga abin da ya yi maka nauyi a cikinta, ka cire. To faɗa mini, su ukun nan, a ina za ka zaunar da su?"

Dattijon ya miƙo tafin hannu, Bediako ya sa masa makullin a ciki. Aka naɗa Adusei magaji.

Da aka watse cin abinci ya koma bayan gida ya zauna kan turmi. Daga nan yana hango Adusei na zagaya motar, yana ɗan shurin tayoyin da takalmi, yana tambayar mutane ko ana samun kujera a Takoradi. Ya rasa wa zai ji haushi in ba kansa ba.

Maame Pokua ce ta same shi a wurin, tana ɗingishi, da kwanon fufu a hannu. Ta ajiye masa a gaba. Ya zame daga kan turmin ya durƙusa.

"Maame, ki yafe mini. Zan nemo ta, ko Tamale ne zan je."

"Bar ta, ta riga ta tafi. Ci abincinka." Ta juya za ta wuce, sai ta tsaya. "Ranar da ya rasu, Adusei aka so a ba makullin. Ni na ce a'a, a ba Bediako, shi ya san inda kowa ke zama."