Sharaɗi Na Uku

"Sake karanto min na ukun," in ji Zubaidatu, tana juya waina a tanda ba tare da ta dube shi ba.

Gwadabe ya kai wayar kusa da idonsa. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. "Na uku, wanda ya rasu. Za a yafe bashin gaba ɗaya, muddin aka kawo shaidar mutuwa mai hatimi, kuma sunan da ke ciki ya yi daidai da na fasfo."

"To madalla da gwamnatinku. Wato sai ka mutu za ta ji tausayinka."

Sanarwa ce daga hukumar lamunin ɗalibai ta jiharsu, wai ta buɗe ƙofar yafiya zuwa ƙarshen wata. Sharaɗi na farko, a ce mutum ya yi wa jiha aikin shekara bakwai, aikin da Gwadabe ya yi ta zaryar nema har takalminsa ya cinye ba a ba shi ba. Na biyu, a ce ya naƙasa, da shaidar likitan gwamnati. Shi kuwa ɗan takari ne, ya zo umra ya maƙale, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, da zai nuna a ƙofar asibiti. Ciwon ƙoda na cin sa, yana ta jiƙa ganye a kwalba.

Zubaidatu ba ta taɓa ɓoye rainin da take masa ba. Injiniya take kiransa, tana jan sunan. Mutum ya yi shekara biyar a Sudan yana karanta yadda ake jawo wa gari ruwa, ya ƙare da dakon tsofaffin firji a kasuwar gwanjo ta Jidda. Abin da ya fi ƙona mata rai, ba shi kaɗai ya faɗa ramin ba. Yayarsa Sajida, malamar firamare mai marayu huɗu, ita ta tsaya masa, ta miƙa takardun gidan da mijinta ya bar mata. Duk wanda bai shiga cikin yafiyar ba, gidan mai tsaya masa za a saka a kasuwa.

Ya jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mata. "Hajiya, ajiya ce. Fasfona ne, ya daɗe da mutuwa amma sunan na nan. In ta Allah ta kasance, ki taimaka a rubuta ni daidai. Na cike fom ɗin, na tura wa Yaya Sajida. Takarda ɗaya ta rage."

"Ni ka raina? Ni ma takari ce kamarka. Ka ba mai gidan nan Abdulghaffar mana, shi mai waraƙa, takardunsa cif."

Murmushi kawai ya yi. Ta karɓi ledar tana tsaki, ta cusa ta cikin garwar shinkafa.

Ranar Alhamis da hantsi ta kai masa koko, ta yi sallama sau uku. Da ta ɗaga labulen, ta same shi kwance ya fuskanci bango, fanka na ta kaɗa rigarsa. Ta ajiye kofin a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da gefen mayafinta. Ba ta san tana son yaron nan haka ba.

Kafin azahar Abdulghaffar ya iso, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Haifaffen Jidda ne, jikan wani mahajjaci, shi ya karɓi tsohon gidan nan na unguwar Kurayyat ya yanyanka shi da katako, yana cusa bayin Allah kamar kifin gwangwani. A masallaci sahun gaba yake, in ana maganar haƙƙin maƙwabci har kai yake gyaɗawa.

"A kira motar asibiti," in ji Zubaidatu.

"La, la, ya Hajja. Mafi is'af." Ya kaɗa makullan motarsa. "In mota ta zo, shurɗa ta biyo ta, 'yan sanda har cikin gida. Mutum goma sha huɗu a gidan nan, min indu iƙama, wa ke da ita? Ni tara za a ci ni, ku kuma tarhil, a cika jirgi da ku. Halas."

"To sai mu yi yaya da shi? Mu jiƙa shi mu sha?"

"A kai shi bakin asibiti a ajiye. Za su same shi, su yi masa wanka da salla. Hukuma ba ta barin gawa. Wallahi ya fi masa."

"Da wane suna?"

"Majhul. Wanda ba a sani ba. Allah ai ya san shi."

Ta dubi mazan gidan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Muslim tela, wanda shekara uku kwano ɗaya suke ci da mamacin, yana kuka har da majina, amma shi ya durƙusa ya laluba aljihun Gwadabe, ya cire wayarsa da 'yar takardar da ke ɗauke da lambar gidan. Bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, suka naɗe shi a bargo, suka saka shi a bayan motar ɗaukar kaya tsakanin wasu kujeru. Ba su fi minti arba'in ba suka dawo. Muslim ya wuce famfo ya daɗe yana wanke hannu.

Kwana biyu Zubaidatu tana zazzaga musu. Wanda ya zo sayen waina sai ya haɗa da baƙar magana. "Maza ke nan! Gemu har ƙirji, zuciya ta kaza." Amma duk lokacin da ta buɗe garwa za ta auni shinkafa, sai yatsunta su taɓa ledar nan, ta yi saurin mayar da murfin. Shekararta goma sha ɗaya a garin nan ba takarda. Da tandar nan take biya wa 'ya'yanta mata biyu makaranta a gida. Duk wanda ya je ya ce ya san gawa, abin da za a fara tambayarsa iƙamarsa. Ta sani sarai, shi ya sa zaginta bai wuce tsakar gida ba.

Ranar Asabar saƙon murya ya shigo wayarta. "Hajiya, Sajida ce, yayar Gwadabe. Ina ta kiransa ba ya shiga. Ya jikin nasa? Ki ce masa jiya mutanen hukumar lamuni sun zo sun shafa jan fenti a bangonmu. Ƙaramin ɗana yana tambayata ko ado ne. Kar ya tayar da hankalinsa, kawai dai ya sani."

Ta saurara sau biyu. Tana ɗaga kai ta ga Abdulghaffar ya shigo da wani baƙo mai katifa a ka, yana nuna masa ɗakin Gwadabe. "Ghurfa nadifa, ɗaki tsaf, shiru, ba matsala." Kayan mamacin an tara su a buhu ɗaya kusa da kwandon shara.

Ta kashe gas. Ta shiga ɗaki ta saka abayarta mai kyau, ta ƙulle 'yan kuɗinta a ƙugu, ta zuba kaya kala biyu a jaka. Ta tono ledar, ta kakkaɓe shinkafar da ke jiki.

Abdulghaffar ya tare ƙofa, idonsa a kan ledar. "Fen, ya Hajja? Ina za ki? Kin haukace? Kar ki kuskura ki ambaci gidana."

"Gidanka? Ni ko a lahira ba na so a ce nan na zauna. Zan ce a titi na san shi, ai ba ƙarya na yi ba, can kuka yar da shi. Matsa."

Ya matsa. Muslim ya leƙo daga kan kekensa. "Hajiya, 'ya'yanki fa?"

"Allah da ya ba ni su yana nan. Tandar na bar maka, ka koyi suya, tunda aikin maza ya gagare ka."

A asibiti aka yi ta tura ta daga wannan taga zuwa waccan, har aka kai ta wani ɗaki mai sanyi a ƙasa. Aka jawo akwatin ƙarfe. Ta duba, ta gyaɗa kai. Ma'aikacin, wani saurayi mai tabarau, ya buɗe fasfon, ya dubi hoton, ya dubi fuskar, sannan ya kira ɗan sandan da ke ƙofa.

"Iƙamarki, ya khala?"

"Mafi," ta ce. "Tasa takardar na kawo."

Suka dubi juna, ba wanda ya ɗaga mata murya. Saurayin ya goge kalmar majhul ya fara buga sunan. Ta tsaya a kansa, yatsanta a kan fasfon, duk da karatun bokonta bai wuce aji huɗu ba. "Harfi harfi, ɗana. Mutanenmu a kan baƙi ɗaya sai su mayar da takarda." Ya sake dubawa, ya gyara ɗaya. Ya ce wannan sanarwar asibiti ce, cikakkiyar shaidar za ta fito ta bi ta ofishin jakadanci. Ya buga hatimi.

Ta roƙi minti ɗaya. Ta ɗauki hoton takardar, ta tura wa Sajida, ta danna ta yi magana. "Sai haƙuri, 'yar'uwa. Gwadabe ya rasu ranar Alhamis. Ga abin da suke nema, ki kai musu."

Wata askar, 'yar sanda mace, ta zo ta nuna mata benci a baranda. Ta zauna, jakarta a cinya, wayar a tafin hannunta. Alamun nan biyu da ke ƙasan saƙon suka koma shuɗi. Askar ɗin ta miƙo hannu, Zubaidatu ta ba ta wayar, aka saka ta a leda aka manna lamba. Cikin ledar ta fara haske tana rawa, sunan Sajida a fuskarta.