Lambobi Masu Taurin Kai

A Kaura Namoda kowa ya san Dakta Ummusalma, malamar lissafin nan da ba a gaishe ta a tsaye, don sai ta zaunar da mutum ta ba shi labarin lambobi. Shekara tara tana bincike a kan lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha uku. Ita "masu taurin kai" take ce musu.

Da aka kwaso 'yan matan Moriki zuwa wata makaranta a Shinkafi saboda hare-hare, sai ta ji ba su da malamin lissafi. Mijinta, Mainasara, ya nuna mata halin da hanya ke ciki. Ta ce ta ji, amma kowace Alhamis sai ta bi motar 'yan kasuwa ta je ta koyar da su.

Ranar farko ta zube wake a kan tabarma.

"Ku jera mani sha biyu, layi-layi, kowane layi daidai."

Nan take suka jera. Ta ƙara ƙwaya ɗaya. Suka juya, suka sake, abu ya ƙi. Aji ya kaure da dariya. Ta ce musu sha uku na cikin masu taurin kai ke nan.

Wata mai suna Nadiya, wadda tun zuwansu ba a ji muryarta ba, ta ɗaga hannu. "Malama, masu taurin kan ga, suna ƙarewa?"

Amsar na bakin Ummusalma, amma ta haɗiye. "Ke za ki gaya mani, ɗiyata."

Mako uku Nadiya na fama. Alhamis ta huɗu ta fito gaban allo, ta ɗauki alli.

"A ce sun ƙare. Mu ninka su duka da juna, mu ƙara ɗaya. Wadda duk muka raba sabuwar lambar da ita cikinsu, sai ɗaya ya yi saura. Ke nan akwai wata da ba mu lissafa ba. Ba su ƙarewa, Malama."

Ummusalma ta manta da digirinta, ta rangaɗa guɗa har shugabar makaranta ta fito a guje. 'Yan matan suka ɗaga Nadiya sama.

Da la'asar Mainasara ya tare ta a tashar Kaura da albishir: mujallar da ta aika wa bincikenta ta karɓa.

"Alhamdulillahi! To, zauna," in ji ta, tana jan shi zuwa benci. "Sai ka ji abin da Nadiya ta yi yau."